Malam Kafin-Nan Ya Karɓi Ƙasa

Duk wanda ya zauna a ajin ƙarshe na makarantar sakandaren nan ya san Malam Kafin-Nan, malamin tarihi. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma shi ya jawo wa kansa. In ɗalibi ya tambaye shi yadda ƙasar ta samu 'yancin kai, sai ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa ya ce, "Tambaya mai kyau. Amma kafin nan…" Shi ke nan, an koma zuwan 'yan mulkin mallaka. In an taɓo su, kafin nan akwai sarakuna. In an taɓo sarakuna, kafin nan akwai mafarauta. Wata shekara har jarrabawa ta ƙarato yana can yana nuna wa aji yadda mutanen da suke wasa dutse.

Saboda haka, a duk shekarun da ya yi yana koyarwa, bai taɓa zarce babin 'yancin kai ba. Littafinsa ya yi baƙi ƙirin daga gaba saboda gumin hannu, amma daga wannan babin zuwa bango fari fat yake, kamar jiya aka sayo shi. Mu da muka taɓa riƙe alli ba mu da bakin yi masa dariya sosai, don kowannenmu yana da babin da yake addu'ar hutu ya zo kafin a kai shi. Bambancin kawai, mu muna yin shiru, shi kuwa a ɗakin malamai yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni tarihi ba karanta shi na yi ba, shan shi na yi. Ko daga barci aka tashe ni zan zayyana ƙasar nan tun daga tushe."

Wata safiya shugabar makaranta ta aika a kira shi. Mace ce marar yawan magana, kuma ba ta maimaita abu.

"Malam, yaran ajin haziƙai suna cinye tambayoyin zamanin da, amma duk abin da ya biyo bayan 'yanci sai su bar takarda fara. Iyaye sun fara ƙorafi. In ba ka nuna mini ka kai su ƙarshen manhaja ba, zan ba sabon malami ajin, kai ka koma 'yan aji ɗaya."

Sabon malamin nan yaro ne ɗanye, wanda ya zo bara da jakar kwamfuta a kafaɗa. 'Yan aji ɗaya kuwa su ne masu kuka in biro ya ɓata. Malam ya ji abin har cikin ransa, domin ajin haziƙai shi ne rawaninsa a makarantar, shi ya sa ake ba shi kujera mai hannu a ɗakin malamai.

"Ranki ya daɗe, ni za a kai wa masu majina? Ki ba ni ranar taron iyaye kawai. Zan shimfiɗa tarihin ƙasar nan a filin makaranta, da mutane masu rai, kowa ya gani da idonsa."

"Har ƙarshen manhaja?"

"Har bangon littafi, ranki ya daɗe."

"To, Allah ya kai mu."

Ya shiga aji yana taku ɗai-ɗai kamar wanda aka naɗa. Ya raba yara: waɗannan mafarauta, waɗancan sarakuna, na bayan aji 'yan mulkin mallaka. Bai rubuta wa kowa komai ba, don a cewarsa haziƙi ba a tauna masa.

"Ku je ku karanta. Abin da ya faru shi za ku yi, kada ku rage, kada ku ƙara. Ko ni da kaina na ce ku tsaya, kada ku tsaya. Tarihi ba ya sauraron kowa."

Monita, wata siririyar yarinya da ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba, ta ɗaga hannu. "Malam, wa zai fito a Uban Ƙasa, shugabanmu na farko?"

Malam ya waiga dama, ya waiga hagu, ya gyara wuyan riga. "Ke wa kike gani ya dace a ɗakin nan?"

"Malam, to har babi na ƙarshe za mu yi?"

"Na ce har bango."

"Amma Malam, ka sake duba babin da ke bin na 'yanci kuwa?"

"Yarinya, ina koyar da tarihi tun uwarki tana zaune a bencin nan. Zauna."

Dogo, ɗan telan da ke maƙwabtaka da Malam, ya miƙe har kansa na neman taɓa fanka. "Malam, ni ina so a ba ni kanar na soja."

"Ka dace. Ka tsaya a bayana, in na yi jawabi ka sara mini."

Yaran suka kalli juna. Ba wai Malam bai san abin da ya faru da Uban Ƙasa ba ne, ko mai sayar da ruwa a bakin titi ya sani. Amma a cikin kansa littafi yana ƙarewa ne a inda shi ya saba ajiye alli: tuta ta hau, jama'a ta tafa, a kaɗa ƙararrawar hutu.

A gida aka fara gani. Da yamma ya hau kan durom ɗin ruwa a tsakar gida yana gwajin jawabi. Ya manta surukarsa, uwar matarsa, ta zo musu kwana biyu tana kwance a ɗakin yara. Ya cika huhu ya kwarara murya:

"Kun daɗe a nan! Kun ci namu, kun sha namu! Lokaci ya yi da za ku tattara ku koma inda kuka fito!"

Ba a jima ba sai ga tsohuwa ta fito da jakarta a hannu, ta yafa gyale.

"Mama, ina zuwa?" in ji matarsa.

"Gidana. Ai na ji. Mijinki bai iya ɓoye magana ba, Allah ya yi masa albarka."

"Mama, wallahi ba da ke nake ba, da 'yan mulkin mallaka nake!" Malam ya ce daga kan durom.

"Au, sunan da ka sa mini ke nan?"

Ya zabura zai sauko ya ba ta haƙuri, murfin durom ya lotsa, ya zurma cikin ruwa har ƙugu. Tela ya leƙo ta kan katanga da almakashi a hannu.

"Malam, lafiya? An kori Turawan ne, ko su suka kore ka?"

"Gwaji nake yi. Manyan mutane duk sun sha wahala kafin su karɓi ƙasa."

"A cikin durom?"

Da ƙyar aka shawo kan tsohuwa, bayan Malam ya durƙusa a jiƙe yana rantsuwa. Matarsa ta kalle shi ta ce, "Baban yara, ka karɓi ƙasar ka bar mana gidan lafiya. Ruwan wankin gobe ne ka shiga da takalmi."

Washegari matar Malam ta nemi labulen ɗakinta mai jan fure ta rasa. Yana shagon Tela, an mai da shi tutar 'yan mulkin mallaka. Malam ya yi mata alkawarin ɗinki ɗaya ne a gefe, za a kwance bayan taro. Tela kuma ya ɗinka masa farar kwat irin ta Uban Ƙasa daga ragowar yadi, sai dai yadin ya ƙare kafin wando ya kai idon sawu. Malam ya jera marafan kwalaben lemo a ƙirji a matsayin lambobin yabo, ya tsaya gaban madubi ya ce tsawon wando ba shi ne shugabanci ba.

Ranar taro iyaye suka cika benci a ƙarƙashin rumfa, shugaba a tsakiya, sabon malami a gefenta. Matar Malam ta zo da uwarta, Tela ya zauna sahun gaba. Malam ya karɓi makirufo, lasifika ta yi ƙara har jarirai suka fashe da kuka.

"Iyayenmu, yau za ku ga ranar da ƙasar nan ta samu 'yanci. Amma kafin nan…"

Tsofaffin ɗalibansa da ke cikin iyaye suka kwashe da dariya, shi kuwa ya ɗauka murna ce. Mafarauta suka fito suka yi ta zagaya fili suna bin wani yaro da ya lulluɓa da bargo. Sarakuna suka zo suka yi yaƙi da rula. Rana ta take, mata suka fara fifita da takardun shirin taro, shugaba ta dubi agogo ta sake duba. Jirgin ruwan 'yan mulkin mallaka, wanda aka haɗa da kwalaye, ya maƙale a ƙofar fili, sai da sarakunan da aka zo ci da yaƙi suka taya turo shi.

Da aka zo sauke tuta, Malam ya fito cikin farar kwat, marafan lemo na ƙara a ƙirjinsa, ƙwaurinsa a waje. Ya kama igiya ya ja, labule ya ƙi saukowa. Ya sake ja, ya ƙi.

"A yi a hankali, labulena ne!" in ji matarsa daga cikin jama'a.

"Ga dukkan alamu ba su shirya tafiya ba," in ji Tela.

Malam ya tattara ƙarfinsa ya finciko. Igiya ta tsinke, labule ya faɗo ya rufe masa kai, ya yi ta laluben hanya har Dogo ya yaye masa. Tutar ƙasa kuwa, tunda ba igiya, sai wani yaro ya ɗaura ta a sandar tsintsiya ya ɗaga. Duk da haka jama'a ta tafa, kuma wannan tafin shi ya ƙarasa Malam. Ya haye tebur, ya buɗe hannuwa, ya fara jawabin da ya yi shekaru yana yi wa allo. Ya yi alkawarin hanyoyi da asibitoci. Ya ce ba wanda zai ƙara kwana da yunwa. Ya saci kallon shugaba, ya ga ta daina duba agogo, ya ce a ransa ajin haziƙai ya zauna a hannunsa.

Yana cikin haka Monita ta ratsa gaban tebur ɗauke da kwali, an rubuta da manyan baƙaƙe: BAYAN 'YAN SHEKARU. Malam bai gani ba, idonsa na sama.

Dogo ya busa usur. Yara suka fito daga bayan rumfa da sandunan tsintsiya a kafaɗa, suka kewaye tebur. Dogo ya sara masa, kamar yadda aka umarce shi, sannan ya zare makirufo daga hannunsa.

"Ya ku 'yan ƙasa, ni kanar ɗinku, a madadin sojoji, ina sanar da ku cewa an rushe gwamnati. An dakatar da tsarin mulki. Kowa ya zauna inda yake."

"Kai Dogo! Mene ne haka? Ba a zo nan ba!"

"An zo, Malam. Babi na gaba ne."

"Ban gama jawabi ba!"

"Shi ma bai gama ba, Malam," in ji Monita. "Yana tsakar jawabi aka kama shi."

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya!"

"Malam, kai ka ce ko ka ce mu tsaya kada mu tsaya."

Ya waiga wajen shugaba yana neman ɗauki, ta harɗe hannu ta gyara zama. Ya waiga wajen matarsa, tana naɗe labulenta tana duba inda ya yage. Tela kuwa ya miƙe tsaye yana nuna wa na kusa da shi, "Ɗana ne wancan! Ɗana ne ya karɓi ƙasa!"

Aka gunguro baron kwasar shara. Malam ya ce ba zai hau ba, shi shugaba ne da jama'a suka zaɓa. Ya yunƙura zai dira ta ɗaya gefen, wando ya ce ɓarr daga baya, wanda hakan ya sa ya zauna cikin baron da kansa ba tare da an ƙara roƙonsa ba. Suka tura shi suka zagaya gaban iyaye, marafan lemo na zubewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina za ku kai ni?"

"Gudun hijira, Malam."

Surukarsa ta ɗaga murya, "Ka tattara ka koma inda ka fito ke nan!"

Ƙasar da aka kai shi gudun hijirar ita ce ɗakin ajiye tsintsiyoyi da karyayyun kujeru, mai 'yar taga da ke kallon fili. Suka sa kwaɗo suka tafi. Ya buga ƙofa, ya yi barazanar kayar da su duka a jarrabawa, ba wanda ya juyo. Da ya gaji sai ya kifa bokiti ya hau, ya leƙa ta taga.

Yana kallo yaran suka ci gaba da tarihin, babi bayan babi, ba mai cewa kafin nan. Wani yaro ya fito a kanar na biyu ya hamɓarar da Dogo, Tela ya zauna yana ƙunƙuni. Suka nuna shekarun da aka rufe jaridu, da layin mutane a ƙofar shaguna, da matan da suka yi ta zarya suna neman mazansu da aka kama. Monita ta tsaya ta bayyana yadda aka zauna rubuta sabon tsarin mulki, da abin da aka yi gardama a kai, da yadda aka koma zaɓe. Dariya ta ɗauke a ƙarƙashin rumfa. Wani dattijo a sahun baya ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita, don wannan ba zamanin wasa dutse ba ne, zamaninsa ne.

Malam ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Tare da kunyar kuma ya ji alfahari, don 'ya'yansa ne, shi ya koya musu tsayawa gaban mutane su yi magana. Amma abin da suke faɗa ba daga bakinsa suka ji ba, kuma akwai wurare biyu ko uku da shi kansa sai yau ya gane yadda abin ya kasance.

Da aka gama, jama'a suka miƙe suna tafi. Shugaba ta nufo ɗakin tsintsiya, iyaye na biye da ita. Aka nemi makulli aka rasa, yana aljihun yaron da ya fito a ministan tsaro, wanda ya gudu da gaske zuwa famfo ya sha ruwa. Don haka ta taga aka yi maganar.

Malam ya gyara tabarau. Halin mutum ba ya barinsa a rana ɗaya.

"Ranki ya daɗe, kin ga tsarin nawa? Da gangan na sa su kama ni. Malami na gaskiya yakan sadaukar da kansa."

"Har da wandon?"

"Har da shi."

Ta juya wajen Monita. "Wa ya koya muku babukan ƙarshe?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta son tona shi. "Mu muka karanta a laburare lokacin tara, ranki ya daɗe. Inda ya shige mana duhu, sabon malami ya warware mana. Amma Malam ne ya ce mu je mu karanta."

"Kin ji ko? Ni na ce!"

"To Malam, tunda tsarinka ne, gaya wa iyayen nan: bayan kanar na biyu, yaya aka yi mulki ya dawo hannun farar hula?"

Amsar tana nan, yanzun nan ya ji ta daga bakin Monita, da ya maimaita da ya tsira. Ya buɗe baki, yatsansa ya ɗaga da kansa.

"Tambaya mai kyau, ranki ya daɗe. Amma kafin nan…"

Bai ƙarasa ba. Dariya ta ɓarke har da sabon malami da ya yi ta ƙoƙarin dannewa, bokiti ya goce, kan Malam ya ɓace daga taga, aka ji ƙarar tsintsiyoyi. Daga can ciki muryarsa ta fito a sanyaye, "Ba komai. Ku ba shi ajin. Ya fi ni sanin hanyar bango."

Da aka samo makulli aka buɗe shi, matarsa ce ta ɗaura masa labulen a ƙugu suka tafi gida, tutar 'yan mulkin mallaka na rufa wa Uban Ƙasa asiri. A hanya Tela ya ce zai gyara wandon, Malam ya ce a bar shi haka, kayan tarihi ne.

Ranar Litinin Monita da Dogo suka tare shi a baranda, suka durƙusa.

"Malam, ka yafe mana."

"Me kuka yi? Kun rage ne ko kun ƙara?"

"A'a, Malam."

"To ku tashi. Ku je ku cinye jarrabawar nan, in an tambaye ku wa ya koyar da ku, ku ce rabin farko nawa ne. Kai kuma Dogo, in ka girma ka nemi wata sana'a, ka iya abin nan da yawa."

Ya wuce ajin haziƙai bai leƙa ba, ko da yake ƙafarsa ta ɗan tsaya a ƙofar. Ya gangara can ƙarshen baranda inda 'yan aji ɗaya suke, wurin da tun daga ranar yake kira ƙasar gudun hijirarsa. Ya tarar ana kuka a kan biro. Ya raba faɗa, ya ajiye tsohon littafinsa a tebur, ya juya shi ya buɗe daga baya, inda takardun ke fari fat har suna manne da juna.

"Kowa ya buɗe babin ƙarshe."

Wata 'yar ƙarama ta ɗaga hannu. "Malam, ba daga farko ake farawa ba?"

"Da haka nake yi, 'yata," in ji shi, yana lasar yatsa yana raba takardun. "Yanzu so nake in fara sanin wanda ke tsaye a bayana."